Doguwar Gaisuwar Inna da Buhun da Ba Nawa Ba

Shekarun baya can, ba a daɗe da komawa tuƙi hannun dama ba, ina jan akori-kura tsakanin Babura da Kazaure. Lokacin ina ji da kaina, ga gashi na tara, ga wando mai faɗin ƙafa. Abu ɗaya ne ke rage mini armashi: ranar da zan ɗauki mahaifiyata.

Inna ba ta iya gajeriyar gaisuwa ba. Ko ruwa na tsaya zuba wa mota, sai ta leƙo ta taga ta kama wani: ina gida, ɗan gidan wa ne kai, wace ce kakarka? Fasinja na tsaki a baya, ni ina danna hon. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce, "Direba, hanyar ba guduwa za ta yi ba."

Wata ranar kasuwa na ɗauko ta za ta dubiya Kazaure. 'Yan sanda suka tsare mu a hanya, mu da wata mota da ke gabanmu. La'asar ta yi, sai maza duka muka gangara gindin wata tsamiya yin salla. Inna ciwon gwiwa ya hana ta sauka. Na waiwayo na hango ta har ta samu wata mai tallan nono tana yi mata tambayoyin nan nata.

Da muka dawo, an zube kaya a ƙasa, an kwance wani buhu. Sama busasshiyar kuɓewa, ƙasa tabar wiwi. Ɗaya direban ya rantse bai san shi ba. Wani kofur cikin 'yan sandan ya nuna ni ya ce daga motata ya fito. Wallahi ban taɓa ganin buhun nan ba, amma a wancan zamanin hukuncin wiwi shekaru ne masu yawa a gidan yari, ga matata da tsohon ciki. Duk jin kan nan nawa a wurin ya zube, na yi kuka a gaban fasinjojina.

Ina tsare kawuna ya samo lauya daga Kano. Matata ce ta ba ni labarin zamansa da Inna. Inna ta faɗa masa da idonta ta ga an sauke kayan motocin biyu an haɗe wuri guda, babu mai kaya ko ɗaya a gun.

Lauyan ya ce, "Inna, maganar nan taki ita ce shari'ar gaba ɗaya. Sai dai ke uwa ce, za a ce ɗanki kike karewa. Babu wani da ya gani?"

"Akwai mai nono."

"Ina za mu samo mai nono a duniyar nan?"

"A'a, ai rugarsu na bayan duwatsun Roni. Dangin mijinta daga wajen Gwiwa suka taso, surukarta kuma na fama da ciwon ido."

Kawu ya goya ta a keke da gwiwar nan tata. Suka tarar Fulanin sun tashi, ta bi su da gaisuwa ruga-ruga har ta same su. Ta san ana jin kalmar kotu za a ce ba a gida, don haka ba ta ambace ta ba. Maganin ido ta kai wa tsohuwar, ta kwana a bukkarta. Da safe tsohuwar ta tambaye ta ina ɗanta, Inna ta fashe da kuka, ta kwashe labarin ta faɗa mata. Surukar da kanta ta sa mai nono ta yafa mayafi.

A kotu, murya can ƙasa, matar ta faɗi abin da ta gani. Aka tambayi kofur, shi ma bai yi ƙarya ba, ya ce lallai sun haɗa kayan muna salla. Majistare ya ce buhun da aka buɗe ba a gaban mai mota ba, daga cikin kayan motoci biyu, ba zai karɓe shi hujja a kaina ba. Babu wata hujjar bayan ita, ya sallame ni.

Na karɓo motata, na tayar, ina ɗokin ganin jaririyar da aka haifa mini ina tsare. Babu Inna. Na duba, sai ga ta a bakin kotu ta tsare kofur ɗin tana tambayarsa mutan gidansa. Hannuna ya kai kan hon da kansa, na janye shi. Ta shigo tana murmushi ta ce, "Direba, yau hon ɗin ya lalace ne?"

Inna ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙan ta. Har yau ina kewarta, musamman in na ga kujerar gaba babu kowa. Abin da nake ɗauka ɓata lokaci, ashe ita mutane take ajiyewa. Yanzu jikana ke ja na a mota, kuma duk inda muka tsaya sai na leƙa ta taga na tambayi mutum ɗan gidan wa ne. Yana danna mini hon, ni kuwa ko waiwayowa ba na yi.