Inna Gaji a Rafin Zinariya

Ina cikin takaba, ko ludayi ba na iya riƙewa da kyau, Inna Gaji ta yi sallama gidanmu a Limawa, nan Dutse. Ta ɗauki ƙwaryar geron da na jiƙa na manta, ta zauna bakin rijiya ta rege min shi tas. Daga nan muka saba, kuma a bakinta na ji labarin tafiyarta.

Gaji mai fura ce. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a bayan duwatsu, da ɗa guda, Maharazu. Bayan zuwan Nasara, labari ya bazu cewa can yamma da Zariya, cikin tsaunukan ƙasar Birnin Gwari, ana wanke ƙasa a sami zinariya. Maharazu ya ɗauki matarsa Indo suka bi 'yan ci-rani. Damina ta zo ta wuce bai dawo ba, gona ta koma saura. Gaji ta ce wata daminar ba za ta same shi a can ba, ko da a ka za ta ɗauko shi.

Ta bi masu jakuna zuwa Kano, ta shiga jirgin ƙasa. Da ya yi kuka ya ja, ta kama salati har Zariya, amma kanta na leƙe, tana kallon itatuwa suna gudu baya. Daga nan sai ƙafa, hawa bayan hawa. Ita da ta ɗauka babu duwatsu sai na Dutse, ta ga waɗanda gajimare ke kwana a kansu. Garin masu haƙar kuwa bukkoki ne birjik a gindin tsauni, ramuka ko'ina, ga Gwarawa, ga Barebari, ga Zabarmawa, kowa jikinsa ja da ƙasa, kowa da sauri kamar ana kiransa.

A bakin wani rami ta ga ɗanta. Ya ajiye diga ya durƙusa.

"Inna, ke ce? Wa ya rasu?"

"Gonar ubanka. Haɗa kayanku."

"Ki huta tukuna, Inna. Ramin nan yanzu ya fara bayarwa."

Da safe ta bi Indo rafi, inda mata ke tsugune cikin ruwa suna juya ƙore. Indo ta ɗauko ƙwaryar da ta tara wankin kwana da kwanaki a ciki, saura wankin ƙarshe. Gaji ta dubi yadda take karkaɗawa, ta yi tsaki.

"Wannan ai rege ne. Kawo nan, 'yar nan, kin riƙe ƙwarya kamar mai tsoron ta cije ki."

Indo ba ta iya musu da surukarta ba, ta miƙa. Gaji ta juya, ta karkaɗa, ta tsiyaye na sama a hankali cikin wata ƙwarya, ko ɗigo bai faɗi ba. Baƙin yashin da ya kwanta a ƙasa kuwa, hannunta ya yi masa abin da ya saba yi wa tsakuwar gero tun tana budurwa: ta watsa shi tsakiyar rafi, ta ɗauraye ƙwaryar.

Indo ta dafe baki. Maharazu yana isowa ya leƙa ƙwarya.

"Inna, ina na ƙasan?"

"Tsakuwar? Na zubar mana."

Ya nemi dutse ya zauna. "A nan na ƙasan ake nema, Inna. Wanda kika adana laka ce."

Matan rafi suka yi ta dariya har da riƙe ciki, wata ta ce a kai wa Inna lakarta ta dama fura. Gaji ta ɗaura gyale a ƙugu, ta ce ba za ta taka hanyar Dutse ba sai ta mayar wa yarinyar nan abinta.

Indo ta koya mata. Ran nan Gaji tana karkata ƙwarya, sai ga wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙyalli cikin baƙin yashi, ba su kai ƙwayar gero ba. Ta yi ta hamdala tana kiran kowa ya zo ya gani. Shi ke nan fa. Da ta idar da sallar asuba sai rafi. Ta mayar da abin da ta zubar, ba ta daina ba. Ƙafafunta suka tsattsage da ruwa, tari ya kama ta, ko a jikinta.

Maharazu ya rasa inda zai sa kansa, uwarsa tsamo-tsamo cikin ruwa, jama'a na kallo.

"Inna, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Gona fa?"

"Wace gona? Matsa, ka tare min haske."

Shi ya haɗa kayan da kansa, ya yi ta lallashinta har ta hau jaki tana waiwayen rafi. Sun iso Dutse ana ruwan shuka, kuma bai sake fita ci-rani ba.

Tsufa ya kama ta sosai lokacin da ta jawo hannuna wata rana, ta rage murya.

"Ke da kike kusa da hanya, in kin ji ayarin da zai yi yamma, ki zo ki faɗa min kafin ɗan nan ya ji."