Tabarau ɗin Kawu a Fuskar Inna

Shekarun baya, zamanin mulkin farar hula da sabulu ma sai an yi layi, aka cire wa mahaifiyata yanar ido a Sakkwato. Aikin wancan lokaci, in ba tabarau mai kaurin gindin kwalba ba, hazo kawai mutum yake gani. Aka ba ta, ta koma Dingyadi tana tsintar tsakuwa a gero kamar yarinya.

Sai akuya ta ture shi daga kan turmi, ya tarwatse. Takardar awon kuwa gara ta riga mu.

A cikin watan ne yayanta ya rasu a Kajiji, ya bar tabarau mai kauri. Dangi suka ce ai faɗuwa ta zo daidai, kauri dai kauri ne. Ni ma, malamin firamare guda mai yawo da biro a aljihu, na gyaɗa kai. Inna ta saka ta ce, "Ya yi, Allah shi jiƙan mai shi." Kayan mamaci ne, ɗan'uwanta kuma, ba za ta kushe ba.

Daga nan ta fara tuntuɓe da bakin ƙofa, ta zuba miya a ƙasa. Muka ce tsufa ne. Matata na da cikin fari, Inna kullum cewa take, "Ni dai in ga fuskar ɗan ga, shi ke nan."

Ranar da ta faɗa murhu na ja ta zuwa wurin mai gwajin ido a birni. Ya ɗaga tabarau ɗin saitin taga yana kaɗa shi hagu da dama. Ya ce, "Malam, duba. Taga tana bin gilashin, kuma ta ƙanƙance. Wanga na mai kasa hangen nesa ne, kaurinshi a gefe yake. Na Inna a tsakiya za shi yi tudu, ya girmama abu, in ka kaɗa, taga ta yi ɗaya gefen. Nata alamar tarawa, wanga ta ɗebewa. Gara ma ba ta sa komai ba."

Na ce, "Inna, don mi ba ki faɗa ba?" Ta ce, "In ce mi? In ce kayan Yaya ba su da kyau?"

Ya auna ta, amma ya ce irin gilashin daga waje ake kawowa, kuma an tsuke shigo da kaya. Na yi ta sintiri daga Dingyadi, kullum sai dai a ce a dawo. Na gaji, wallahi har na fara jin haushin kowa.

Aka haifi ɗiyata. Inna ta karɓe ta, tana shafa goshinta da hancinta da yatsu. Ta ce, "Da wa take kama?" Na ce da ke. Ta yi dariya: "Ƙarya kake, amma na yarda."

Kafin lokacin kaka Inna ta rasu, gilashin bai iso ba.

Yau ni ma da tabarau nake wannan rubutu, kuma har yanzu ba na saka sabo sai na kaɗa shi saitin taga. Ba abin da hakan ya gyara. Ɗiyar tawa ta girma, duk wanda ya san Inna in ya gan ta sai ya ce ga Inna nan. Ashe ba ƙarya na yi ba, ita ce dai ba ta gani ba.