Maɗacin Bakin Kubanni

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tattara nasu ya nasu ba, ina malamin elementare a Tudun Wada. Akwai wani dattijo mawaƙi a unguwarmu da ke rubutu a jaridar Hausa, kan tsuntsaye da damina da yadda waƙa ke zuwar wa mutum. Ni kuwa rubutun nan ya gama da ni. Da jarida ta fito sai rumfar abokina tela, in karanta wa 'yan hira da ƙarfi, ina kaɗa kai kamar ni na rubuta.

Wata rana ya yi rubutu kan wani maɗaci da ke bakin kogin Kubanni. Ya ce a gindinsa yake zama shiru, yana lura da ganye da masu sheƙa a kai, har baiti ya zo.

Ina gama karantawa a rumfa, abokina ya tsayar da keken ɗinki. "Malam, ashe asirin a jikin itacen yake?"

"Wane asiri? Zama ya ce, da lura."

"Haba Malam! Wa zai tona sirrinsa a jarida?"

Kafin ka ce kwabo, magana ta kai unguwannin Gyallesu da Tudun Jukun, wai sassaƙen maɗacin nan maganin basira ne. Masu son waƙa, masu jiran jarrabawa, har iyayen 'yan ajina, kowa da gatarinsa. Na je na yi ta masifa har muryata ta dishe, aka ce so nake in sha ni kaɗai. Suka zagaye shi da sara, suka tone saiwa. Damina ta sauka, kowane itace ya yi kore shar, shi kuwa ya bushe ƙayau.

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutum ya ce mu buɗe ido, mu kuwa muka buɗe baki. Abokina ya sha ɗacin nan har cikinsa ya murɗa, kuma har ya tsufa ko baiti ɗaya bai haɗa ba.

Dattijon ya ci gaba da rubutu, amma bai ƙara faɗin inda wani itace yake ba. Na taɓa tambayarsa, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Ɗana, akwai wata tsamiya da nake so. Ina so ta rayu."