Igiyar Guga, daga Alelu zuwa Maiyama

Talata: Alelu zuwa Jega

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar gida, ni da ɗiyata Nana goye a bayana, da Gwaggo Hajo ƙanwar surukina, wadda maigida ya ce in ba da ita ba ko zaure ba zan kai ba. Na rubuto wannan ne domin 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci, da kuka dame ni da tambayar inda na tafi kwana uku.

Rijiyar gidanmu ce ta fitar da ni. Shekara uku ke nan duk bazara sai ta ƙara nisa. Bara har laka na riƙa jawowa, Nana ta yi sati biyu tana gudawa. Maigida ya ce ya gaji, za mu bar gidan da gonar albasa, mu koma ɗaki guda a Jega wurin yayansa, kuma ran Juma'a zai ba shi amsa. Tun da ya faɗi haka abinci ya daina yi mini daɗi.

Ana nan sai ga wani injiniya daga jami'a, Malam Bashiru, yana yawon auna rijiyoyi. Wai akwai tauraron ɗan adam da ke auna ruwan ƙarƙashin ƙasa daga sama, shi kuma yana bi ya ga ko gaskiya yake faɗi. Cikas ɗaya ya samu: rijiyoyin suna cikin gidaje, gidajen kuwa ba shiga. Da na auna masa tamu na karanto lambar daidai, ya roƙi maigida in taya shi aikin. Ni ko a raina na ce, wanda ke gani daga sama ai zai gaya mini ko rijiyata mutuwa za ta yi.

Babur biyu muka hau. Gwaggo ta riƙe rigar mai babur ɗinta kamar za ta yaga, tana cewa, "Kai ɗan nan, ba Makka muka nufa ba, Jega ce." Shida saura minti goma muna tashar Jega. Muka sha kunu da ƙosai na ɗari uku, sai ga farar a-kori-kura ta injiniya, direbanta wani dattijo, Malam Garba.

Talata: Aliero

Bakwai daidai muka ɗauki hanya. Ban taɓa zama gaban mota ba, har na rasa inda zan sa ƙafata. A shingen bakin gari wani soja ya leƙo, ya ga abin awon a cinyata. Tef ne mai tsawo a naɗe, da ɗan ƙarfe a bakinsa wanda ke yin ƙara in ya taɓa ruwa.

"Hajiya, wannan fa?"

Na ɗaga masa shi ya gani. Malam Garba ya ce, "Likitar rijiya ce, ranka ya daɗe."

Sojan ya yi dariya ya ce in mun dawo mu duba masa tasu. Bakwai da minti ashirin da biyar muka shiga Aliero, tafiyar ba ta kai kilomita ashirin ba. Tun kafin ka ga gari warin albasa ya tarbe ka, ga rumbunanta jere, ga injinan ban-ruwa suna ta ruri a fadama, na ƙirga goma sha ɗaya na bari.

A gida na farko injiniya ya tsaya a zaure ya tambayi maigidan ko ruwan rijiyarsa ya ja baya. Mutumin ya ce, "Alhamdu lillahi, yadda na gaje ta haka take." Injiniya ya rubuta. Na shiga ciki na zura tef, ya yi ƙara, na duba lamba. Da na gaya wa matar gidan abin da mijinta ya faɗi, sai ta ajiye muciya.

"Shi mi ya sani? Ya taɓa riƙe guga? Zo ki gani."

Ta miƙo mini igiyar gugarta. Asalinta ta roba ce shuɗiya, amma an ƙara mata tsummar zane, an ƙara gefen gidan sauro, an ƙara igiyar akuya. Ƙulli uku. Ta ɗora yatsa a kan kowane: wannan shekarar haihuwar Ummaru, wannan shekarar da gero ya ƙone a tsaye, wannan bara. Nan na tuna tawa igiyar ma haka take, ban dai taɓa tunanin lissafi ba ne.

A gida na biyu maigidan ya rantse tasa ta yi ƙasa da gaba goma, don ya zaci burtsatse aka zo rabawa. Igiyar matarsa ƙulli ɗaya gare ta, ƙarin bai wuce kamu biyu ba. Nan na yi ƙarfin hali na ari igiyar na fito da ita zaure. Na ce, "Malam, ka bar tambayar maza. Ga wadda ba ta ƙarya."

Injiniya ya juya ta, ya auna tsakanin ƙulli da baki, ya dubi Malam Garba. "Wata biyu ina cika littafi da maganar waɗanda ba sa jan ruwa." Daga nan kowane gida sai in fito da igiya, matar gida tana bayan ƙyaure tana faɗin shekaru, shi yana rubutawa. Gida tara muka yi kafin azahar.

Bayan salla muka zauna gindin darbejiya, ya buɗe kwamfuta. Ya ce taurarin biyu ne, ɗaya na bin ɗaya. In sun zo kan ƙasar da ta ƙoshi da ruwa, nauyinta sai ya ja na gaba, tazararsu ta canza, da haka ake gane ruwa ya ƙaru ko ya ragu. Ya nuna mana ƙasarmu da launi, wata shekara shuɗi, wata ja. Ya kai ga wata mai ja sosai, ya ce ita ce wadda matar farko ta ce gero ya ƙone. Har na tafa hannu, Nana ta farka.

Na ce, "To nuna min Alelu. Gidanmu na bayan masallaci."

Ya matso da kwamfutar gabana. Sannan ya sa yatsa a kan ɗan murabba'i guda, ya ce Alelu da Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikinsa, har da wasu garuruwan. Tauraron yana ganin ƙasa baki ɗaya, ba ya ganin rijiya ɗaya.

Gwaggo ta ce, "Ashe mai ido ne, amma sai da ɗan jagora."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Mun sauka gidan ɗiyar Gwaggo, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka har da zabo, loma uku na iya.

Laraba: Maiyama

Shida da rabi muka tashi, muka koma ta Jega muka gangara kudu. Takwas saura kwata muna Maiyama. Gida na huɗu a bayan gari na wata tsohuwa Bafulatana ne, Inna Yelwa, wadda ta ba mu fura da nono kafin ta yarda in taɓa rijiya. Igiyarta ƙulli huɗu, amma sai na ga wani wuri a tsakiya ya lanƙwashe ya yi baƙi, alamar an saba naɗe shi.

Na ce, "Inna, nan fa?"

"Nan nake naɗewa in damina ta wuce. Ruwa ya taso, mi zan yi da doguwar igiya? Sai bazara in kwance." Ta kalle ni. "Ke ɗiyata, ba yawan ƙulli ake tsoro ba. Rijiyar da ake naɗe wa igiya tana da rai. Wadda damina ta zo ta wuce ba a naɗe ba, ita ake yi wa ta'aziyya."

Na tsaya da ƙwarya a hannu ina tuna kakar bana. Na ga kaina bakin rijiya ina naɗe igiya a gwiwar hannu, naɗi biyu, don kada Nana ta harɗe da ita in tana rarrafe. Ban san sa'ad da na fita zaure ba, ko tef ɗin ban ɗauko ba.

"Malam, tawa ana naɗe mata. Naɗi biyu, bana ma."

Ya sa na maimaita masa maganar Inna a hankali, ya rubuta. Ya ce haka tauraron ma ke nunawa, ruwan ƙasa yana sauka da rani yana tasowa bayan damina, sai dai ba kowace shekara yake komawa inda yake ba. Ya ce rijiyar da ke tasowa tana shan ruwan sama, in an yi mata yasa an ƙara zurfi za ta iya riƙe gida.

"Ka yi min alkawari?"

"A'a. Ban san daminar gaba ba, ban san injin nawa za a ƙara a fadamarku ba. Abin da na sani na faɗa miki."

Ban ji haushi ba. Da ya yi alkawarin ma da ban yarda ba. Gida goma sha biyu muka yi ranar, kowace mata sai na tambaye ta naɗi. Biyu kawai suka ce sun daina, duk biyun kusa da lambuna suke. Muka kwana gidan Inna Yelwa.

Alhamis: komawa gida

Da safe muka ƙarasa gida biyar, sha ɗaya muka baro Maiyama. A Jega injiniya ya ba ni wani tsohon tef marar ƙara da ɗan littafi, ya ce in riƙa auna tamu duk asubar Litinin kafin a ja ruwa. Ƙarfe ɗaya da minti goma babur ya ajiye mu a ƙofar gida.

Maigida na zaure yana tsince albasa. Ban jira ya ci abinci ba, na zayyana masa komai har inda injiniya ya ƙi alkawari. Ya saurara bai ɗago ba.

"To tauraron mi ya ce game da rijiyata?"

Gwaggo ta ce, "Bai san ka ba. Matarka ta sani."

Ya jefa albasa biyu cikin buhu, ya kakkaɓe hannu, ya tambaye ni naɗi nawa na ce. Na ce biyu. Ya tashi ya saka hula.

Na ce, "Ina za ka da rana haka?"

"Dangamaji. Can masu yasar rijiya suke. Yaya kuma sai ya ba wani ɗakin, mu tsaya nan mu ga damina ɗaya."

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Gwaggo da Malam Garba da injiniya, da Inna Yelwa, da matan Aliero da Maiyama da suka ba ni aron igiyoyinsu ba su san ni ba. Masu yasa sun ce Asabar za su zo, kuma sun ce su huɗu ne, a tanadi fura.