Ranar da Aka Sa Ni Ajin Dattawa

Ni da taubashina, ɗan kawuna, tun muna kai wa iyayenmu abinci gona muke musu a kan keke. Shi ya ce ya fi ni gudu, ni na ce ko a mafarki bai isa ba. Mun girma, mun yi aure, mun tara iyali, musun nan bai mutu ba. Duk lokacin da muka gwada a hanyar kasuwar Bici sai an samu abin faɗa: yau buhun geron da ke bayana ya fi nasa nauyi, gobe tayarsa ce ba iska. Ba mu taɓa samun alƙalin da dukanmu muka yarda da shi ba.

Wata shekara bayan an gama girbi, sai ga wata ƙungiyar masu tseren keke daga birni, suka ce a yankinmu za su yi wasansu. Nasu tseren ba na kwalta ba ne, cikin gonaki ake yi. Ka bi ta kan kunyoyi, ka faɗa yashin rafi, inda keke ya ƙi tafiya ka sauka ka saɓa shi a kafaɗa ka yi gudu, ka tsallake shinge, ka sake hawa, a yi ta kewayawa. Ai wannan hanyarmu ce ta kullum, sai dai su sun sa mata igiya da alƙali da usur. Taubashina ya dube ni ya ce, "To, bana bakin wani zai mutu." Na ce, "Ka fara yi wa naka addu'a."

Muka je wurin sakataren ƙungiyar, wani saurayi mai fara'a, irin fara'ar da ke zuwa gaban "ba zai yiwu ba". Ya ce, "Baba, sai da lasisi." Lasisin me? Keke ne fa, ba tirela ba! Ya ce lasisin kuma ba a ba wanda ba ɗan ƙungiya ba, ƙungiyar ba a shiga sai tsofaffin 'ya'yanta biyu sun shaida sun san ka. Kai jama'a! A ƙasar da kowa ya san kakana, wai sai baƙo ya shaide ni kafin in hau kekena in bi ta bayan gonata. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye, domin ina da wanda nake so in kunyata.

Muka samu wani malami a kwalejin Bici da yake ɗan ƙungiyar ne, ya tsaya mana, ya kuma roƙo mana abokinsa. Muka yi hoto. Likita ya ɗora mana abinsa a ƙirji ya ce lafiyarmu ƙalau. Muka sayi hular kwano, matata ta yi ta dariya wai na zama kunkuru. Aka ce a cire kariya daga bayan keke, na cire, makonni ina ɗaukar kaya a ka kamar wanda bai taɓa mallakar keke ba. Saura abu ɗaya, takardar shekarun haihuwa, wadda dukanmu ba mu da ita.

Sai muka ɗauki Kawu muka tafi kotu ya yi mana rantsuwa, tunda shi ya ga haihuwarmu duka. Akawu ya tambaye shi. Kawu ya nuna ni ya ce, "Wannan da kaka ya zo, ana yankan dawa. Nawa kuwa sai da bazarar da ta biyo ta shigo." Akawu ya ƙirga da watannin boko, ya rubuta ni a shekara ɗaya, ya rubuta taubashina a wadda ta biyo bayanta. Wallahi daɗi ya kashe ni. Tun daga ƙofar kotu har gida nake ce masa ya riƙe mini takalmi, yanzu hukuma ta tabbatar ni ne yaya. Muka miƙa takardu, bayan ɗan lokaci lasisi ya fito, kowa da hotonsa a jiki.

Ranar tsere gari ya cika, har daga Bagwai an zo kallo. Na sa hulata, na ɗaure ƙafar wando, muka jera ni da shi a bakin layi. Sai sakatare ya zo yana duba lasisi ɗaya bayan ɗaya. Ya duba na taubashina ya wuce. Ya duba nawa ya tsaya.

"Baba, kai ai ɗan ajin dattawa ne. Wanda ya cika arba'in a bana can yake."

Na ce, "Wannan fa da ke kusa da ni? Nono ɗaya muka sha, uwata ta goya shi!"

Ya ce, "Shi sai baɗi zai cika."

Na danne zuciya na ce to, a nuna mini dattawan, in gama da su, a gwada lokacina da nasa. Ya sosa ƙeya ya ce ni kaɗai ne na yi rajista a ajin, doka kuma ba ta yarda a yi tseren mutum ɗaya ba. Na ce a bar ni in bi samarin, ko na zo na ɗaya kada a ba ni ko tsinke. Ya ce lasisina bai ba ni wannan ba, in na faɗi na karye ƙungiya za a kama.

A nan na fashe. Na ce, "Haba yaro! Ranar da ka karɓi takardata makaho ne kai? Ka ga shekarun, ka buga hatimi, ka bar ni ina yawo da kaya a ka, ba ka iya buɗe baki ka ce ajinka ba kowa ba? In tsoron karayata kuke, me ya sa likitanku ya ce lafiyata ƙalau?" Ya yi ta ba ni haƙuri, haƙurin da ba ya canza komai. Mutane suka ja ni gefe, aka busa usur.

Ina tsaye ina kallo taubashina ya kife a yashin rafi, ya tashi, ya saɓa keken a kafaɗar da ba ita ba, feda na dukansa a baya. Mutum ɗaya tak taubashina ya riga zuwa, shi ma mutumin sarƙarsa ce ta tsinke. Na rantse da an bar ni na shiga, da na wuce shi har in tsaya in sha ruwa. Amma wa zan gaya wa?

Ƙungiyar ba ta sake dawowa yankinmu ba. Shi kuwa kafin damina ya sayar da kekensa ya sayi babur, ya ce ya yi ritaya. Na yi magiya, na yi zagi, ko sau ɗaya ya ƙi mu sake gwadawa. Har yau in musu ya tashi a majalisa, sai ya gyara zama, ya dube ni da ladabin ƙarya ya ce, "Yaya, ni dai an ga inda na zo. Kai na nawa ka zo?"