Kwalaben Gwajin Ruwa a Wani Ƙauyen Sule Tankarkar

Mun tashi da asuba daga Dutse, mu uku a motar ofis: ni da direba da abokiyar aikina mai gwajin ruwa. Aikina a ofishin ruwa shi ne zagaya makarantu, in koya wa ɗalibai yadda ruwa ke zuwa famfo da yadda ake kiyaye shi. Yawanci tafiya ce ta nishaɗi, amma wannan karon zuciyata ba a kwance take ba. Hedimastan wata firamare a wani ƙauye na Sule Tankarkar ya kira ni ya ce gudawa ta kwantar da yara da dama, kuma mutanen gari sun ɗora laifin a kan rijiyar burtsatse mai sola da ofishinmu ya haƙa musu bara. Har an fara maganar a sa wa famfon kwaɗo. Ga shi ana tsakiyar bazara, tsohuwar rijiyarsu kuwa tana can nesa da gari, laka ce kawai a ƙasanta.

Mun karya da koko da ƙosai a tashar Gumel. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, mai suyar ta ce laifin wake ne da ya yi tsada, direba ya ce shi dai ya ga alamar ƙosan ma azumi yake yi. Daga nan muka yi yamma. Kwalta ta raka mu wani wuri ta sallame mu, muka faɗa yashi, gonaki fetal ba komai sai kututturen gero da tumaki a inuwar gawo.

Mun tarar da dagacin garin a makarantar tare da wasu iyaye. Dattijo ne mai magana a hankali. Bayan doguwar gaisuwa ya ce jikokinsa biyu na cikin waɗanda suka kwanta, kuma kafin zuwan famfo ba su saba ganin irin wannan ba. Ban yi masa musu ba, don ni ma ban san abin da ke cikin ruwan ba. Na roƙe shi ya bari yaran su bincika da kansu.

Abokiyar aikina ta raba wa 'yan aji shida wasu ƙananan kwalabe masu magani a ciki. Ta yi musu bayani cewa in aka zuba ruwa aka rufe ya kwana biyu, mai ƙazanta zai koma baƙi, mai tsabta kuwa ba zai sauya ba. Wasu suka ɗebo daga bakin famfo, wasu daga jarka, wasu suka ruga gida suka ɗebo daga randa. Kowa ya rubuta sunansa a jikin tasa. Aka kulle su a kabad ɗin hedimasta, na miƙa wa dagaci mukullin don kada a ce mun musanya.

A Gumel muka sauka. Washegari muka nufi Maigatari, muka dace da ranar kasuwa. Manyan motoci shaƙe da shanu, raƙuma na kallon kowa sama-sama, babura na ratsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. A sakandaren 'yan mata na nuna yadda ake tace ruwa da yashi da gawayi da tsakuwa, aji ya kaure da surutu lokacin da jan ruwa ya fito garau. Na gargaɗe su cewa hasken ruwa ba ya nufin ya tsarkaka, ina faɗa ina tuna kwalaben da na baro. A wajen mai kilishi wani mutumin Damagaram ya ji abin da nake yi sai ya riƙa kirana mushe. Na ɗaure fuska, sai mai kilishin ya yi dariya ya ce a can haka suke ce wa malamin lakwal, wato makaranta. Direba bai bar ni na huta da sunan nan ba har muka dawo.

Gagarawa ce ta biyo baya. Hanyar tana da kyau, buhunan riɗi da zoɓo jibge a bakin titi. Yaran makarantar can sun yi ta tambaya, har wata ta ce in ruwa daga ƙasa yake fitowa, me ya sa ake biyan kuɗinsa. Na ba ta amsar injin da bututu da masu gyara, amma gaskiya rabin hankalina yana Sule Tankarkar. An kawo mana fura da nono mai sanyi, na sha ban ji daɗinta ba.

Da muka koma ƙauyen, iyaye sun fi na farko yawa, har da mata a bayan taga. Dagaci ya buɗe kabad da hannunsa, yara suka jera kwalaben a kan benci. Idona ya tafi kai tsaye kan na famfo. Dukansu suna nan yadda aka zuba su. Na samu kujera na zauna. Na jarka wasu sun yi duhu, na randa kuwa yawancinsu baƙi ƙirin, da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Dagaci ya ɗaga wadda ta fi baƙi ya tambayi ta gidan wa ce. Can wata yarinya ta miƙe, ashe jikarsa ce, kanta a sunkuye.

"Baba, daga randar zaurenka na ɗebo."

Dagaci ya dubi kwalbar, sannan ya dube ni.

"Malam, ashe a zaurena ciwon yake kwana. Kowa ya zo gaisuwa da moɗa ɗaya yake sha, ya ajiye ta a ƙasa."

Na ce, "Allah ya ja zamaninka, wannan mai sauƙin gyara ne."

Yaran da kansu suka ƙarasa darasin. Suka ce a wanke randa da jarka, a yi musu murfi, a rataye moɗa, a wanke hannu da sabulu ko toka kafin a ɗiba. Dagaci ya ce a sanar a masallaci ranar Juma'a, kuma a fara da gidansa. Hedimasta ya shaida mini cewa yaran da suka kwanta duk sun samu sauƙi bayan an kai su asibiti. Maganar kwaɗo babu wanda ya sake tayar da ita.

Mun iso Dutse bayan la'asar, a gajiye amma da sakakkiyar zuciya. A ofis akwai masu kiran aikinmu yawon makarantu, suna ganin masu gyaran bututu ne kaɗai ke aikin ruwa. Tafiyar nan ta nuna mini cewa da ni na tsaya gaban dattawan nan na ce randunansu ne ba su da tsabta, da korar mu za a yi, famfon kuma a rufe. Da yake daga bakin jikarsa maganar ta fito, dattijon ya karɓa a gaban jama'arsa, garin kuma ya ci gaba da shan ruwansa. Alhamdulillahi.