Akwatin da Ban Buga wa Tambari Ba

Malam, ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ina tsaye a wurin aiki ina duba wasu ƙofofi, babbar 'yarka ta kira ni ta ce ka cika. Na sa aka kashe injin yankan katako. Shekara talatin da kafa wurin nan, ban taɓa sa an kashe shi a lokacin aiki ba sai ranar. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe.

Da yawa cikin masu karanta wannan sun san ni. Ni ne kafintan da ya fara da zarto ɗaya da gudumar aro, yau mutum sittin ke cin abinci a ƙarƙashina. Duk taron da aka miƙo mini makirufo sai na faɗi haka, in ƙarasa da cewa ba wanda ya taɓa riƙe mini hannu. Wannan ta ƙarshen ce ta sa na ɗauki biro yau.

Kai ka koya mana Turanci a sakandare. Baba Wutsiya muke ce maka a bayan idonka, domin zango guda ka yi kana fama da mu a kan abu ɗaya: wane aikatau ne ake bi da kalma mai wutsiyar "ing", wane ne kuma sai an sa masa "to". Na faɗi jarrabawarka sau biyu, na bar makaranta da sakamakon da ba a nuna wa suruki.

Bayan shekara ashirin da wani abu, wani kamfani na ƙasar waje ya nemi in yi masa kujerun ofis. Na rubuta wasiƙar da kaina, don ba na son wani ya yi magana da yawuna. Ranar da na je wurinsu, na hangi ma'aikata biyu sun haɗa kai a kan takardata suna danne dariya. Asabar ɗin makon na nemi gidanka. Na ajiye mota a bayan wani kantin magani, layi biyu kafin naka, na ƙarasa da ƙafa.

Lokacin ka yi ritaya. Ka karanta wasiƙar, ka dube ni ta saman tabarau, ka ce, "Kafinta, har yanzu wutsiyar ce?" Iyakar zolayar ke nan. Ka ɗauko fensir, ka ce ba a yi wa mai furfura jan biro. Teburinka yana da ƙafa ɗaya gajeriya, ka tokare ta da tsohon ƙamus. A ranar na gyara shi, don hannuna ya kasa haƙuri.

Daga ranar, duk Asabar ina gidanka ɗaukar darasi. Salon koyarwarka bai canja ba. Kana yanka kwalin sabulu ƙanana ƙanana, ka rubuta aikatau ɗaya a kan kowanne, ka watsa su a tebur, ka ce in ware. In na fara gardamar me ya sa wannan ba ya karɓar abin da wancan ya karɓa, sai ka ce, "Kai da katako kake wannan musun? Kowanne da inda zarensa ya nufa. In ka goge shi ta baibai, tsattsagewa zai yi." Ban taɓa gane darasi kamar yadda na gane wannan ba.

Abu ɗaya ka taɓa nema a wurina: akwatin ajiye katunan, mai gida uku, na ukun don aikatau masu karɓar duka biyun. Na haɗa shi da hannuna, ranar da ma'aikata ba sa nan. Ka'idata ce duk abin da ya fita daga wurina, ko ɗan benci ne, sai an ɗora ƙarfe a wuta an buga masa tambarina a ƙasa. Wannan ban buga masa ba. Tsoro nake kada wani ya gani ya gane Alhaji mai kamfani yana zuwa ɗaukar darasi. Ka juya akwatin, ka dubi ƙasansa, ka ce, "Shi wannan yaron ba shi da uba ne?" Na ce mantawa na yi. Ka ce, "To, sai ranar da ka tuna."

Akwai wadda ta fi wannan nauyi. Wata rana na manta tabarau a gidanka, ka hau motar haya ka kawo mini har ofis, ka tarar da baƙi. Na ce musu, "Tsohon malaminmu ne, mukan ɗan leƙa shi mu taimaka masa." Ka gaishe su, ka ajiye tabarau, ka fita. Asabar ta zagayo, na zo ina zaton ƙofa a rufe. Na tarar ka fitar da kujerata, katuna a watse a tebur. Shekara tara muka ƙara tare, ba ka taɓa tayar da maganar ba.

Ba ni kaɗai ba ne. A wurin gaisuwa na ga ma'aikaciyar jinya da ka shirya wa jarrabawa, da direban da kake rubuta wa takardar neman aiki, da maƙwabciyar da kake karanta wa wasiƙun asibiti. Kowa na faɗin nasa a fili. Ni, da na fi su morarka, gyaɗa kai kawai nake yi.

Bayan kwana uku 'yarka ta zo wurin aiki da akwatin a cikin leda. Ta ce, "Yaya, Baba ya ce a kawo maka, wai akwai aikin da ba ka ƙarasa ba."

Na sa aka sake kashe inji, na tara ma'aikata duka. Na gaya musu duk wasiƙar da ta kawo mana aiki daga waje, sai da ta bi ta kan teburinka. Na gaya musu inda nake ajiye mota. Sannan na ɗora ƙarfen a wuta da kaina. Na buga wa akwatin, tambarin ya ɗan karkace, na bar shi haka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna mai ɗakinka, wadda ta yi shekaru tana kawo mini ruwa ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke kawo ni ba, da 'ya'yanka huɗu, da jikoki, da ɗalibanka na fili da na ɓoye. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Akwatin ya koma gida wurin 'yarka, tunda ita ta gaji alli, koyarwa take yi.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata makwancinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. In akwai kuskure a littafinka, Allah ya sa da fensir aka rubuta shi, ya goge maka.

Na tuna, Malam. Na makara, amma na tuna.